Bel ɗin tsere a MX-5: ina zan ɗaure igiyoyin kafaɗa?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar nan. Wasunku sun san bara na sayi Mazda MX-5 ƙirar 2002, mai inji 1.8. Sau biyu ke nan ina kai ta Blyton Park, nan Ingila, a ranakun da ake buɗe filin tsere ga masu motocin gida. Ba gasa ake yi ba, kowa ya biya kuɗinsa ya zagaya gwargwadon iyawarsa. Abin da ya dame ni a duka zuwan biyu shi ne ba na zama daram a kujera. Da na shiga kwana sai jikina ya tafi, in tokare gwiwar dama da ƙofa, ta hagu da wajen giya, sitiyarin da ya kamata in riƙa juyawa a hankali ya koma abin da nake riƙewa don kada in zame. Washegari gwiwoyin nan duk sun yi tsami.

To na samu bel ɗin tsere na hannu, mai igiya huɗu, biyu a kafaɗa biyu a ƙugu, fam 45 na biya. Na ƙugun ba matsala, zan yi amfani da wurin notin bel ɗin kamfani. Na kafaɗa ne ban san inda zan kai su ba. Ko dai in huda ƙasan motar a bayan kujera, ko in huda dandamalin nan na baya inda rufin ke kwanciya idan an naɗe shi. Wanne ya fi? Saura mako uku in je wani filin tseren, Cadwell Park, na riga na biya.

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya sanya alheri. Ni ma irinsa ne a Civic ɗina nan Kano, ja, kuma a ƙasa bayan kujera aka ɗaure min. Shekara guda ke nan bai taɓa yin komai ba. Huji biyu ne da noti, minti talatin an gama.

Kawu Injiniya:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, don Allah ajiye injin hujin nan tukuna. Auta, kai ma tsaya ka karanta, don maganar ta fi shafarka.

Dandamalin da kake magana a kai, tankin mai ne a ƙarƙashinsa. A MX-5 tanki ba a can ƙarshen but yake ba, a bayan kujeru yake, kuma ƙarfen da ya rufe shi falle ne siriri. Ko ka tsallake huda tankin, falle irin wannan ba zai riƙe mutum ba ranar da aka buƙace shi.

Ƙasan mota kuma ya fi wannan muni, sai dai muninsa ba ya bayyana sai an yi karo. Ka zana abin a ranka. Igiya ta taso daga ƙasa, ta haura bayan kujera, ta lanƙwaso ta kafaɗarka ta sauko ƙirji. Idan mota ta daki wani abu ta gaba, jikinka zai yi gaba, igiyar ta miƙe, kuma igiyar da aka ja tana neman hanya mafi gajarta ne. Kafaɗarka ce ta tsaya mata a hanya, don haka ƙasa za ta danna ta. Ƙashin bayanka ne zai ɗauki wannan dannawar, daga sama zuwa ƙasa, kamar an ɗora maka buhuna a wuya lokaci ɗaya. Ka yi lissafi: mutum mai kilo 75, idan tsayawar ta ninka nauyinsa sau 30, bel ɗin yana riƙe da sama da tan 2 ne. Shi ya sa masu ƙera bel irin su Schroth suke cewa igiyar kafaɗa ta tafi baya a miƙe daidai da kafaɗa, ko ta sauka kaɗan, kada ta wuce digiri 20. A ƙasan MX-5 kuwa kusan a tsaye za ta sauka.

Auta, cewa shekara guda bai yi komai ba, ai ba a tambaye shi komai ba tukuna.

Baban Hanifa:
Subhanallah, wallahi ban san tanki ne a wurin ba. Na gode Kawu. To ke nan ƙarfe zan nema wanda za a gicciya a bayan kujeru daidai tsayin kafaɗa, in naɗa igiyoyin a jikinsa? Na ga ana sayar da wasu masu ƙyalli, zagaye biyu, kowace kujera da nata.

Kawu Injiniya:
Waɗannan na ado ne. Su kansu masu sayarwa, idan ka karanta ƙananan rubutun, za ka ga sun ce ba na kariya ba ne. Ba su da ƙafafun da ke tokare su ta baya, ba su da ƙarfen da ya ratsa a karkace. Idan mota ta kife suna iya lanƙwasowa gaba, kuma kanka ne a gaban.

Bari in faɗi abin da nake so kowa ya riƙe, sai mu yi gardama a kan sauran. Bel ɗin tsere ba kaya ɗaya ba ne da za ka saya ka maƙala. Abu huɗu ne suke aiki tare: ƙarfen kariya na gaske, kujerar da ke da ƙofofin da igiyoyi za su ratsa, bel ɗin kansa, sai abin riƙe wuya da ake haɗawa da hular kwano. Bel ɗin kamfani mai ɗauri uku, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙira wa Volvo a 1959, shi ma ba shi kaɗai yake aiki ba. Da shi da jakar iska da kujera da sitiyari duk tare aka gwada su, an daki motoci da bango an auna. Idan ka cire shi ka sa rabin wancan tsarin, ka bar abin da aka gwada ka koma abin da ba wanda ya taɓa gwadawa.

Dubi kujerarka ma. Bayanta da matashin kai a haɗe suke, ba ƙofa ko ɗaya. Igiyoyin sai dai su zagayo ta gefe, kuma daga can zamewa suke yi daga kafaɗa.

Maman Iman:
Salamu alaikum. Ni ba na shiga fili, maigidana ne ke shiga, amma a sashen gaggawa na asibiti nake aiki, don haka bari in ƙara wani abu a kan mai igiya huɗu. Bel ɗin ƙugu an yi shi ne ya zauna a kan ƙashi, wato ƙasusuwan nan biyu da kake ji a gaban ƙugunka. Ƙashin nan yana ɗaukar nauyi sosai. Ɗan sama da shi kaɗan kuwa ba komai sai hanji da hanta da saifa da manyan jijiyoyin jini. A bel mai igiya huɗu, duka igiyoyin a makulli ɗaya suke haɗuwa a tsakiya. Kana tsuke na kafaɗa, makullin na haurowa zuwa cibiya, yana jawo na ƙugun tare da shi. Idan aka yi karo sai mutum ya sulale ta ƙarƙashi, igiyar ta nutse cikin ciki.

Abin da ke ba mu tsoro da irin wannan rauni shi ne mutum yana iya fitowa da ƙafarsa yana magana, yana cewa lafiyarsa ƙalau, sai shatin bel kawai a fatar ciki. Bayan wasu sa'o'i sai jiki ya rikice, a tarar hanji ya huje ko jini na zuba a ciki. Igiya ta biyar da ta shida, waɗanda ke bi ta tsakanin cinyoyi, aikinsu ke nan: su riƙe makullin a ƙasa kada ya hau. Baban Hanifa, ko ba a fili ba, duk wanda ya yi hatsari ya ga wannan shatin a cikinsa, ya je a duba shi ranar, kada ya ce sai gobe.

Na Dubai:
Dakta, maganarki gaskiya ce, ba ni da ja. Amma Kawu, da girmamawa, ina ganin an tsorata bawan Allahn nan fiye da kima. Shekara shida ina zuwa Dubai Autodrome, kuma na ga mutane da yawa da mai igiya huɗu. Ba dukansu ba ne iri ɗaya. Schroth suna da wanda suke kira ASM. A igiyar kafaɗa ɗaya akwai ninki da aka ɗinke, idan aka yi karo ɗinkin ya ɓalle, igiyar ta ɗan ƙara tsawo, jiki ya juya kaɗan kamar yadda yake yi a bel ɗin kamfani, sai ƙugu ya kama igiyar ƙasa maimakon ya sulale. An gwada shi, kuma wasu daga cikinsu suna da izinin hawa titi. Ba kowa ne ke da kuɗin keji, wato ƙarafan kariya da ake kewaye cikin mota da su, da kujera da komai a wata ɗaya ba.

Sannan ita maganar da ake yawan yi cewa bel ɗin kamfani yana barin mutum ya kwanta gefe idan mota ta kife, shi kuwa na tsere yana riƙe shi a tsaye rufi ya same shi, ni ban gamsu da ita ba. Wa ke da lokacin sunkuyawa mota na ƙundumbala? Inda ƙarfin juyin ya jefa ka nan za ka.

Kawu Injiniya:
Ban ce mutum zai sunkuya da dabararsa ba, kuma ka yi gaskiya, ana zuzuta wannan hujjar fiye da yadda take. Ba wanda ke zaɓar inda jikinsa zai je a wannan lokaci. Amma akwai bambanci tsakanin jikin da ke da wurin gocewa idan wani abu ya danno shi, da wanda aka ɗaure kafaɗunsa biyu a jikin kujera. A mota mai rufin ƙarfe za mu iya kwana muna gardama a kan wannan. A MX-5 babu gardama, don rufin yadi ne. Abin da ke sama da kansa firam ɗin gilashin gaba ne kawai.

Batun ASM kuma na yarda da kai, shi ne mai igiya huɗun da zan iya barin ɗana ya sa. Amma shi ma yana da sharuɗɗansa na inda za a ɗaure shi da irin kujerar da zai hau, kuma akwai na dama akwai na hagu, ba a musanya su. Baban Hanifa, naka yana da wannan ninkin? Ɗauko hoton tambarin da ke ɗinke a jikinsa.

Baban Hanifa:
Na duba, babu wani ninki. Tambarin ya ce FIA 8854/98, wato ƙa'idar hukumar tseren motoci ta duniya, kuma an rubuta cewa ba ya aiki bayan 2014. Igiyar kafaɗar hagu ta ɗan koɗe fiye da ta dama, kuma kusa da ƙarfen daidaitawa ta yi ɗan gashi-gashi.

Na Dubai:
Kwanan watan ba shi ne matsala ba. Wa'adin shekara biyar na FIA na masu gasa ne, a ranar buɗe fili ba wanda zai duba maka shi.

Kawu Injiniya:
Haka ne, ba za su duba ba. Amma wa'adin ya gaya mana shekarunsa: wanda ya ƙare a 2014 an ƙera shi ne wajen 2009. Ba mu san hannu nawa ya bi ba, ba mu san ko an taɓa yin hatsari da shi ba. Igiyar bel sau ɗaya take miƙewa ta shanye ƙarfin karo, bayan nan ta gama aikinta ko da ido bai ga komai ba. Koɗewar nan kuma rana ce ta ci ta. A Amurka masu bin ƙa'idar SFI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kayan tsere a can, shekara biyu kacal suke ba bel. Ni dai da nawa ne, yanka shi zan yi da almakashi kafin in jefar, don kada wani ya tsinta ya sayar.

Ɗan Maraɗi:
Kawu ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ku da ke Ingila kuna maganar rana, ina ranar take? Mu nan mota ta wuni a waje a watan Afrilu, sitiyari ma ba ya taɓuwa. Igiyar da muke ɗaure kaya da ita a bayan Hilux, irin zaren nan ne, shekara ɗaya ta yi fari ta fara tsinkewa a hannu. Auta, naka da ke cikin Civic a ranar Kano, ka taɓa duba shi kuwa?

Auta:
Gaskiya nawa ba shi da wata shekara a jiki. Sunan kamfani ne kawai da manyan haruffa. Sabo na saye shi a leda, kuma bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Na Dubai:
Ƙanina, wannan jabu ne, ko shakka babu. An cika kasuwa da su, har nan. Na gaske yana da tambari a ɗinke mai lambar rajista da shekarar ƙarewa, waɗanda aka yi daga 2013 zuwa yau kuma suna da ɗan tambarin FIA mai walƙiya. FIA tana wallafa jerin duk waɗanda ta amince da su a shafinta, kana iya duba lambar da kanka. A nan kam ni da Kawu bakinmu ɗaya: mayar da bel ɗin kamfani yau.

Auta:
To amma Yaya, mu fa ba gudu muke yi irin naku ba. Juyi ne kawai a fili, giya ɗaya zuwa biyu. Kuma in kwana ya ƙare ko keji goma ka sa sai an tafi.

Maman Iman:
Auta, ajali gaskiya ne, ba mai musun wannan. Amma yawancin waɗanda nake gani ba mutuwa suke yi ba. Rayuwa suke ci gaba da yi, shekara talatin ko arba'in, wasu a kan keken guragu, uwa ko mata na juya su a gado. Wannan nake so ka tuna. Kuma motar da kake juyi da ita, ita kake hawa titin Zariya da ita, da bel ɗin nan a jikinka, ba hular kwano.

Auta:
Na ji Anti. Zan mayar. Na kamfanin yana nan a gida, ban yar ba.

Oga Mai Walda:
Salam. Tun ɗazu nake karantawa, bari in sa baki a inda na sani. Shekara ashirin da biyu ina walda a Kaduna. Yara sun sha zuwa da hoto a waya su ce in yi musu keji irin wannan, kuma abin da suke kawowa bututun ruwa ne, ko baƙin bututun da muke yin ƙofa da shi. Wannan bututun falle ne aka naɗe aka ɗinke, in ka leƙa ciki za ka ga layin ɗinkin. Wajen lanƙwasawa kuma ba mu da injin da ya dace, sai a cika shi da yashi a gasa da wuta, ko a yayyanka a haɗa. Duk inda aka gasa ya yi laushi, duk inda aka yanka nan zai karye. Ni na daina karɓar aikin. Na gaya musu keji marar kyau ya fi babu keji haɗari, don in ya karye mashi ne a cikin mota tare da kai. Kawu, wane irin bututu ne ainihin ake amfani da shi?

Kawu Injiniya:
Allah ya saka da alheri Oga, da duk masu walda haka suke. Bututu ne marar ɗinki, wanda aka ja shi a sanye ba tare da wuta ba. A ƙa'idar FIA babban zagayen yana zama milimita 45 faɗi da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2, kuma a sanye ake lanƙwasa shi, guda ɗaya ba haɗi. Ƙafafunsa kuma ba a kan fallen mota kawai suke tsayawa ba, sai an sa farantin ƙarfe a ƙasa ya raba nauyin, in ba haka ba ƙafar ta huda falle ta wuce kamar ƙusa.

Haka ma notin bel. Duk inda za a yi sabon huji, ana sa faranti a bayansa, aƙalla kaurin milimita 3, faɗinsa santimita 40 murabba'i, gefunansa a goge kada su yanka fallen. Ƙusar mai zobe da ake maƙala bel a jiki yawanci 7/16 UNF ce, irin zaren da ke wurin bel ɗin kamfani. Washa ta shagon kayan gini ba ta wannan aikin.

Baban Hanifa:
To jama'a, na fasa sa wannan bel ɗin. Amma bari in fahimci na huɗun. In na sa ƙarfen kariya da kujera da bel mai igiya shida, dole ne sai da abin wuyan? Na duba kuɗinsa, ya haura fam 300.

Kawu Injiniya:
A wurina dole ne, kuma shi ne abin da mutane suka fi tsallakewa. Bel ɗin kamfani yana ɗan saki, ƙirji da kai su tafi gaba tare, jakar iska ta tare su. Mai igiya shida kuwa yana tsayar da gangar jiki cak. Me ya rage yana tafiya? Kai, mai kilo kusan 5, ga hular kwano ta ƙara masa kilo ɗaya da rabi, kuma wuya ne kaɗai ke riƙe da su. Raunin da ke biyo baya karyewar gindin ƙoƙon kai ne. Shi ya kashe direban tseren Amurka Dale Earnhardt a zagayen ƙarshe na gasar Daytona 500 ranar 18 ga Fabrairu 2001, a hatsarin da masu kallo da yawa ba su ɗauka mai tsanani ba ne. Abin takaici, na'urar riƙe wuya ta HANS tana nan tun shekarun 1980, Robert Hubbard da Jim Downing suka ƙirƙiro ta, direbobi suna ƙin sawa wai tana takura musu. Kafin ƙarshen 2001 NASCAR, mai shirya gasar da ya rasu a ciki, ta wajabta abin riƙe wuya, Formula 1 ta bi a 2003.

Yadda take aiki ba wuya. Tana zaune a kafaɗa, igiyoyin bel sun danne ta, wasu gajerun igiyoyi biyu sun haɗa ta da hular. Kai ba zai wuce gangar jiki da nisa ba. Amma ka lura, hular babur ba ta da wurin maƙala su, kuma ba a huda hula da hannu. Sai ka nemi ta mota, mai tambarin ƙa'idar Snell SA2020 ko FIA 8859-2015, da maƙallan a jikinta.

Na Dubai:
A nan ma akwai hanya ta tsakiya. Simpson suna da Hybrid S, wadda ake ɗaurawa a jiki kamar 'yar shara, tana aiki ko da bel ɗin kamfani. Masu koyar da tuƙi da ke shiga motocin mutane daban-daban suna sonta saboda haka. Ta fi HANS tsada dai.

Maman Iman:
Kuma duk abin da ka yi wa kujerarka ka yi wa ta gefe. Maigidana ya ce ƙungiyoyi da yawa a Amurka ba sa barin mai koyarwa ya shiga motar da direba ke da igiya shida shi kuwa yana da uku. Na san wata rana za ka ce Maman Hanifa ta zo ta ga abin da kake yi.

Baban Hanifa:
Salam, na dawo bayan kwana tara. An sa ƙarfen kariya jiya, na gaske, mai ƙafafu huɗu da ƙarfen karkace da kuma na gicciye don igiyoyin kafaɗa nan gaba. Na yi gwajin da Kawu ya turo min ta waya: na zauna da hular kwano, abokina ya ɗora sandar tsintsiya daga saman ƙarfen zuwa saman firam ɗin gilashi. Sandar a kan hulata ta zauna. Tsayina santimita 184 ne.

Kawu Injiniya:
Na yi zaton haka. Ana son hular ta kasance ƙasa da saman ƙarfen da kamar santimita 5, kuma ka tuna idan mota ta kife jiki yana ɗan zamowa, igiya tana miƙewa. Ba za a iya ƙara wa ƙarfen tsawo ba don rufin ba zai rufu ba, saboda haka kai ne za ka sauka. Kujerar tsere da aka ɗaure ta gefe, kusa da ƙasa, ba tare da layin ja gaba da baya ba, ita ce maganin. Ka nemi mai FIA 8855-1999 ko sabuwar 8855-2021, kuma ka zauna a cikinta kafin ka biya, don ƙofofin kafaɗar su zo daidai da kafaɗarka, kada igiya ta hau gefen ƙofar ta sauko. MX-5 matsattsiya ce, ba kowace kujera ke shiga ba.

Abu biyu kafin nan. Makullin bel ɗin kamfani a jikin kujerar yanzu yake, in ka canza kujera sai an yi masa wuri mai ƙarfi, don shi za ka ci gaba da sawa a titi. Da igiya shida a tsuke ba ka iya leƙawa a mahaɗar hanya, kuma ba ka sa hula zuwa wurin aiki. Na biyu, yanzu akwai ƙarfe a bayan kanka kullum. Ka naɗe duk inda kai zai iya kaiwa da soso mai tauri na SFI 45.1 ko FIA 8857-2001. Soson laushi na rufe bututun ruwa ba ya hana komai. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka cewa ka sa ƙarfen, ka san kuma inshorar titi ba ta biyan abin da ya faru a fili.

Baban Hanifa:
Kuɗin kujera da bel da HANS da sabuwar hula ba za su haɗu kafin Cadwell ba. In fasa zuwa?

Na Dubai:
Ni dai da zan je, da bel ɗin kamfani. Ga dabarar zamewar da ta kawo duk maganar nan: ja kujera baya, ka fizgi bel ɗin ya kulle, ka riƙe shi a haka ka jawo kujerar gaba har ya matse ka. Ba kamar igiya shida ba ne, amma gwiwarka za ta huta.

Kawu Injiniya:
Dabarar tana aiki. Amma ni Cadwell ce ba na so da kan da ya haura ƙarfe. Blyton tsohon filin jirgin sama ne, shimfiɗaɗɗe, in ka kuskure yawanci fili za ka shiga. Cadwell siririya ce, hawa da gangara, ciyawa kaɗan sai shinge, ga sashen nan na cikin itatuwa bayan tudun da ake kira Mountain. Motar da ta shiga jiƙaƙƙiyar ciyawa a karkace ta haɗu da tudu, ita ce ke kifewa. Ka kira su ka tambaya ko za su matsar maka da ranar.

Kafin nan ga waɗanda ba su da tsada. Canza man birki, ka sa DOT 4 mai jure zafi, don tsohon mai yana shan ruwa ya tafasa, feda ta tafi ƙasa. Ka fitar da tabarmar ƙafa da duk wani abu da ke yawo a mota. In za ka sa tukunyar kashe gobara, a ɗaure ta da maɗaurin ƙarfe biyu da noti, inda hannunka zai kai kana ɗaure, don tukunya mai kilo 2 da ta ƙwace a karo ta isa ta karya ƙafa. Kaya kuma na auduga, dogon hannu da dogon wando, kada ka sa rigar ƙwallo, irin yadin nan narkewa yake a fata.

Oga Mai Walda:
Baban Hanifa, wani abu ɗaya daga ni. Na ji an ce gishirin da ake zubawa a titunanku lokacin sanyi yana cin ƙasan mota. Kafin a huda wurin igiyoyin cinya, ɗaga kafet ɗin gaba ɗaya, ka bi fallen da guduma ƙarama. In ka ji sauti ya mutu, ko ka ga ya kumbura, tsatsa ce, kuma faranti a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba ya riƙe komai. A leƙa ta ƙasa kuma a ga inda bututun mai da na birki suka bi.

Baban Hanifa:
Sun yarda sun mayar min da ranar zuwa Satumba. Oga, na ɗaga kafet ɗin yau da yamma. Gefen direba lafiya lau, ƙarfe na ƙara ko'ina. Gefen fasinja kuwa, can kusa da dokin ƙofa ta baya, akwai wuri kamar tafin hannu da ya yi ja, na danna da sukurdireba ya shige. Kawu, a yanke a sa sabon falle kafin a auna kujera, ko a fara aunawa?

Kawu Injiniya:
A fara yankewa. Ka ce wa mai waldar ya bi har inda ƙarfe mai kyau ya fara, ya kuma duba cikin dokin ƙofar, don a motocin nan daga ciki tsatsar ke fitowa. In an gama ka kawo ta Asabar, ka taho da hular da za ka riƙa sawa. Ina da kujeru biyu a gareji da za ka gwada zama a ciki kafin ka sayi taka.

Auta:
Kawu, na mayar da na kamfani. Jan kuma na yanka shi gida huɗu. Da na zo kwance notin ƙasan, ashe ko washa babu a bayansa, fallen har ya fara tsagewa a gefen hujin. Oga, in na shigo Kaduna ranar Laraba za ka toshe min hujin biyu?

Oga Mai Walda:
Kawo ta da safe kafin a ɗauke wuta.